Na Waye?

Litinin, 6 ga Janairu, 2025
Ciki gare ni, yau aka tabbatar a asibitin Ajingi. Da na gaya wa maigidana, Baban Umaima, sai ya ajiye cokali ya ce, "Na waye?" Ni Safara'u ya yi wa wannan tambayar!

Alhamis, 9 ga Janairu
Tun haihuwar Abba da na kusa sheƙawa, likita ya ce wani cikin zai iya tafiya da raina. Baban Umaima da kansa ya je Kano a lokacin kaka aka ɗaure masa jijiyar maniyyi don kar in sake ɗaukar ciki. Ba wanda ya sani sai ni. Da marainansa suka kumbura, ya kasa hawa babur, ya kasa cire gyaɗa, wa ya yi jinyarsa? Wa ya riƙa ce wa dangi basir ne? Yau ko kallona ba ya yi. Bai ma tuna cewa ni ce zan iya mutuwa ba.

Asabar, 18 ga Janairu
Na taho gidanmu a Kademi. Inna sai tambaya take me ya haɗa mu. In faɗa, na tona masa asiri. In yi shiru, ni ce mai taurin kai. Allah ya isa.

Juma'a, 24 ga Janairu
Na kira shi a waya. Na ce, "Ba sun ce ka koma gwaji bayan wata uku ba, kafin nan mu kiyaye? Ka koma?" Ashe bai koma ba. Wai kunya yake ji. Kunyar gwaji, amma ba kunyar yi min ƙazafi ba. Na kashe wayar.

Lahadi, 2 ga Fabrairu
Jiri. Ƙafafuna sun fara kumbura. Tsoro nake ji.

Talata, 11 ga Fabrairu
Ya zo. Ya koma Kano, sun ce har yanzu akwai ƙwayoyin haihuwa a jikinsa, aikin bai kama ba. Ya durƙusa a soro yana cewa, "Ki yafe min, Safara'u. Gobe mu je wajen likita a duba ki." Na ce masa ban yafe ba, kuma da gaske nake.
Ya rame sosai. Na ce wa Inna a zuba masa tuwo, don dai kar ya kwana a tukunya ne.