Tutar Baba a Hannun Dama

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan sai godiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi. Uwargidana ta ce in gaya miki har yanzu abincina a gaban kwamfuta yake hucewa.

Yaya, kunya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san wasan tuƙin jirgin sama na kwamfuta da kike min tsiya a kansa, da ƙungiyarmu ta masu sake gina tsofaffin filayen jirgi a cikinsa. To, na gina filin da marigayi Baba ya yi aiki, daga hoton nan da kika aiko min: Baba riƙe da tutar tsayar da jirgi, hasumiya a bayansa, rumfar jirage a gefe. 'Yan ƙungiya suka yi ta yabo har kaina ya kumbura. Wani dattijo tsohon matuƙi, da muke kira Kyaftin, ya ce aikina ne ya dawo masa da sha'awar gini bayan ya daɗe da ajiyewa. Ya zauna ya ƙera rumfar, har da tsatsar kwanon rufinta. Sai dai ya sa ta hagu da hasumiya, a hoton kuwa dama take. Na gyara masa a gaban kowa, har da cewa mu masu hujja ba ma gini da ka. Bawan Allah ya yi godiya, ya rushe aikin watanni ya sake.

Ana nan sai Goggo ta kawo mana ziyara. Ta ƙura wa hoton ido, ta tambaye ni yaushe ƙanenta ya daina zama bahago. Yaya, a hoton tutar a hannun daman Baba take. Ashe mai wankin hoton ne ya juya shi, hagu ta koma dama. Filin gaba ɗaya a juye na gina shi, kuma na tilasta wa mai gaskiya ya bi ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Lallai girman kai rawanin tsiya ne.

Tunda a bainar jama'a na ci fuskarsa, a nan na nemi gafara, ina tsoron kada na rasa shi. Amsarsa ta fi zagi ciwo. Ya ce ai ya sani tun farko, domin ya sha sauka a filin. Ya ga yadda nake ji da hoton ne, bai so ya ƙwace min shi ba, kuma rumfar farko tana nan ya adana, in na shirya mu juya filin tare. Sannan ya tambaya ko bahagon nan da ke tsayawa cikin ruwan sama yana ɗaga musu tuta shi ne mahaifina. Na rubuta masa cewa e, shi ne.

Don Allah ki duba akwatin Baba, duk hoton filin da kika samu ki aiko min, zan kai wa Goggo ta fara gani. Ki gaida maigida, da Auta, da mai sunan Baba.

Naki ƙane mai sunkuyar da kai,
Direban kan kujera