Yunwar da Ta Ci Japanawa

Daren Talata, watan Safar, unguwar Tandabawi

Na dawo aiki a gajiye, na tarar 'yata Ruƙayya ta baje littattafai. Gobe tana da jarrabawar tarihi, kan dalilin da ya sa Jamus da Japan suka sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu. Sai haddar ƙarancin man fetur da sanyin Rasha take yi.

Baba ya ɗago daga shimfiɗa. Ya ce mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, ya sha gaya masa ba tsoro ne ya kayar da Japanawa ba, yunwa ce. An datse musu hanyar gida, ba shinkafa, ba magani.

Na fassara mata da Larabci, don Hausarta ba ta kai nan ba. Ta ce wa kakan nata, "Ya jaddi, wannan ba ya cikin manhaja."

Baba ya juya ya fuskanci bango. Can na ji ya ce, "Wanda aka datse wa hanyar gida, tasa ta ƙare."

Tun zuwansa Hajji ya zauna a nan, bai sake ganin Kano ba. Na rage masa sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Abin da na iya ke nan.