Kafin a Ba Rahila Ƙwayar Haƙori

Zuwa ga Madam Darakta ta lakwal ɗin da ƴata Rahila ke karatu, unguwar Wadata, Yamai.

Madam, barka da aiki, barka da ɗawainiya da ƴaƴanmu. Ina fata ke da malamanki kuna lafiya. Na zo biro ɗinki, wato ofishinki, har sau biyu, mai gadi ya ce kina cikin taro. Tunda da alama taron bai watse ba har yau, na ga gara in rubuto a fili, sauran iyaye ma su karanta.

Ranar Talatar da ta wuce Rahila, ƴar aji biyu, ta dawo gida haƙoranta sun yi ɗorawa, suna danƙo. Ta ce wasu baƙi masu fararen riguna ne suka jera su a tsakar lakwal, suka shafa musu maganin fulor don kada haƙora su ruɓe. Ta ce kuma za su dawo ranar Alhamis su raba ƙwayoyin fulor da yaro zai riƙa tsotsa kullum. Ga abin da ke damuna.

Na farko. Ba ni cikin masu cewa duk abin da ya fito daga kwali makirci ne. Na karanta, na kuma yarda, cewa fulor kaɗan yana ƙarfafa bayan haƙori, ya hana tsamin da sukari ke haifarwa ya huda shi. Amma kafin a sa wa ɗan mutum magani a baki, ana tambayar iyayensa. Ke da kanki kike aiko mana saƙo in za a canza launin safa. Ranar magani kuwa shiru.

Na biyu. Su wane ne baƙin nan? Rahila ba ta san sunan likita ko ɗaya ba, amma ta haddace hoton da ke jikin motarsu: kwalbar wani lemo mai zaƙi tana dariya. Bayan shafin an ba kowane yaro fakitin biskit, an ce su yage baki, an ɗauki hoto. Ni dai a karatuna ban taɓa cin karo da likitan haƙori mai sallamar yaro da biskit ba. Mai ɗaukar hoton ma, in ji yaran, ya fi mai shafawar daɗewa a kan kowane baki.

Na uku, kuma shi ne ya sa ni zaman rubutun nan. Madam, ni mutumin wani ƙauye ne na jihar Maraɗi. Muna yara aka haƙa mana foraj, wato rijiyar burtsatse, muka yi murna, muka sha. Daga baya aka gane ruwan fulor ya yi masa yawa. Haƙoran tsaranmu duka suka yi ja kamar na maciya goro. Ni da ban taɓa son goro ba, har yau tsofaffi na miƙo mini. Nawa da sauƙi. Akwai abokin wasana da ƙafafunsa suka lanƙwashe, da sanda yake zuwa coci. Gaskiya ne haƙorina bai taɓa ruɓewa ba, sai dai ban ga wanda ya yi sha'awarsa ba.

Rahila a can take yin duk babban hutu, wajen kakarta. An ce an gyara ruwan garin, amma ban ga wanda ya auna na unguwarmu ba. Haƙoranta na girma yanzu suke fitowa, kuma na ga wani fari-fari kamar alli a biyu na gaba. Mai yiwuwa shafin ranar Talata bai kai ya cutar ba, haka littattafai ke cewa. Ƙwaya kuwa haɗiye ta ake yi, kuma an yi ta ne don yaran da ruwan shansu ba shi da isasshen fulor. Baƙinki ba su tambayi yaro ko ɗaya ruwan da yake sha ba. Sun ɗauka duk wanda ke Yamai ruwan kogi ya raine shi. Ki duba ajujuwanki, Madam, ki ga yawan ƴaƴan mutanen Maraɗi da Dutsi da ke tafiya gida kowace damina.

Don haka ina roƙonki ki faɗa mana sunan likitan da ke da alhakin aikin nan, da hukumar lafiyar da ta ba shi izini, da wanda ya ɗauki nauyin motar. Ina roƙon a dakatar da rabon ƙwayoyin har a zauna da iyaye. In kuma kare haƙora ake so da gaske, a fara da teburin alewa da ke manne da ƙofar lakwal.

Rahila ta yi kuka da na ce ba za ta karɓa ba, don ƙawayenta duka za su karɓa. Saboda haka ba zan hana ta zuwa ranar Alhamis ba. Tare za mu zo. Na sa direban motar Maraɗi ya taho mini da gora ɗaya ta ruwan da kakarta ke sha. Zan ajiye ta gaban mai farar riga, ya auna ta, ya duba bakin yarinyar, sannan mu yi maganar ƙwaya. In ya ce ba shi da abin awo, sai mu koma gida da gorarmu, shi kuma ya koma da kwalinsa.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya tsare yaran da ke hannunki, ya kuma kawo ƙarshen wannan taro lafiya.

Wassalam.

Ishaya, mahaifin Rahila ta aji biyu.