Ƙishirwar Gidanmu

Kibiya, 9 ga Satumba, 1961

Zuwa ga jikana kuma angona Shitu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Barira da 'yar jaririyarku. Ya birni, ya ɗinki? Mu nan lafiya, sai kewar angon da ya gudu Kano ya bar tsohuwar amaryarsa ba ko ɗankwali. In ka ga rubutuna kamar sawun kaji kada ka yi dariya, wata shida kawai na yi a ajin yaƙi da jahilci.

Bayan haka, ina da magana. Ka san ciwon sukarin da ya raba ni da zuma shekara uku ke nan. Likitan da ya duba ni a Kano ya ce, ta bakin tafinta, abin yana bin jini, yakan jira mutum ya manyanta sannan ya kama shi. Ni ban yi mamaki ba. Uwata a garin Kahu da moɗa a hannu ta rasu, tana sha tana neman ƙari. Wana Idi kuwa ƙaya ce ta soke shi, gyambo ya ci ƙafar har ya tafi da shi.

To, babanka ya fara. Tulu guda ba ya isarsa a gona, riga ta yi masa yawa. Shekaranjiya na bi ta bayan rumbu inda ya tsuguna, na tarar kiyashi sun yi baƙi a wurin. Ga yankan fartanya a babban yatsansa na ƙafa tun noman farko, har yau yana ruwa.

Ka san ɗan farina ne. Shekara hamsin ban kira sunansa ba, ban dubi idonsa ba. In ya shigo tsakar gida sai in juya in kama hira da akuya. Na tura uwarka Salamatu ta faɗa masa, ya ce gajiyar damina ce. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nasa, ina jin duk lokacin da ya buɗe randa, amma bakina a ɗaure. Ka zo ka kai shi asibiti.

Ka gaida mutanen gidan. Ni ce kakarka,
Asibi

Kibiya, 28 ga Satumba, 1961

Zuwa ga Shitu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, Ramalan direba ya kawo amsarka daga Rano. Na ji ba ka da halin tasowa, ɗinkin rigunan 'yan makaranta na bikin cikar shekara da samun mulkin kai ya danne ka. Allah ya taimaka.

Amma kai wane irin miji ne? Na ce maka sukari ke cin mutum, sai ka aiko wa babanka da kwalin sukari da gwangwanin madara wai ya ji ƙarfi! Kafin in farga ya jefa ƙwaya shida a koko yana sa maka albarka. Na lallaɓa na sace kwalin, na kai wa Laraba maƙwabciya mai yin nakiya. An yi ta cigiya, ni ma na taya su nema.

Wasa ya ƙare nan. Ya kira wanzami ya yi masa tsaga a ƙafar. Haka Idi ya fara. Yatsan ya yi duhu, Salamatu ta ce har wari yake. Shi kuwa ya ce ba inda za shi sai an cire gyaɗa. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina kallon ɗingishinsa ta gefen mayafi. Na san hanyar nan daga farko har ƙarshe, kuma ni na ɗora shi a kanta.

Kakarka,
Asibi

Kibiya, 8 ga Oktoba, 1961

Zuwa ga angona,

Ina gaishe ka, ina gaida Barira. Takardar nan za ta zo maka tare da babanka, a motar Ramalan.

Jiya da safe ya ɗauki sanda zai tafi gona. Na riga shi zuwa zaure, na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafafu, ga dattawan unguwa a kan tabarma. Na ɗaga kai na ce Ishiyaku. Sunan ya fito mini kamar na haɗiye ƙashi. Na faɗa masa na uwata, na faɗa masa na Idi, na ce sai dai ya tsallake ni. Ya sunkuyar da kai ya ce gyaɗa fa. Na ce gyaɗar Idi ma an cire ta, wasu suka ci.

Yanzu mata na ta cewa tsufa ya taɓa Asibi, ta zubar da kunya a gaban maza. Su faɗa. Shi dai tun jiya bai dubi inda nake ba, ni ma na kasa sake kiransa.

In kun je asibiti, kai ma ka ce a gwada fitsarinka. Ba gona na bar muku ba, ba saniya, sai wannan. Ku yafe mini.

Yanzun nan da ake ɗora shi kan jaki zuwa Rano, inda zai shiga motar, na ga ƙafar a rana, duhun ya wuce yatsa. In likita ya ce a yanke, kada ka tsaya shawara da shi. Ka ce uwarsa ta yarda.

Ni ce,
Asibi