Ƙaryar da na yi wa ƙanena a kan bayana

Assalamu alaikum, masu wannan fili da masu karatu. Don Allah ku sakaya sunana, kuma kada ku tsine mini sai kun ji ƙarshe.

Ni manomi ne a ƙasar Gangara. A kakar shekarar da Nasara suka bar mana mulki, na saci jiki na tafi kokawa Gazawa, alhali Baba ya hana ni har da rantsuwa. Wani ƙato ya ɗaga ni ya buga da ƙasa, na ji ƙugu ya ce ƙas. Na dawo gida ina cije baki, ban faɗa wa kowa ba. Bayan kwana uku muna ɗora jinkar rumbu ni da ƙanena Illa, sai bayan ya riƙe, na zube, jinkar ta danne ni. Baba ya sheƙo yana tambaya, "Me ya faru?" Ban san lokacin da bakina ya ce, "Illa ne ya saki" ba. Illa ya ce, "Yaya, ni? Wallahi ban saki ba!" Baba ya mare shi gaban jama'a, ya ce ya kassara masa babban ɗa, ya fice masa daga gida. Ina kwance ina kallo Illa ya ɗaure 'yan kayansa ya nufi Katsina.

Yau shekara huɗu ke nan, ban ƙara sanin lafiya ba. Ciwon yana tasowa daga ƙugu ya sauka har diddigen hagu kamar ana tsira mini ƙarfe mai zafi. Sallah a zaune nake yi. Wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya cika da tabo, na sha saiwoyi, na sha rubutu, mai ɗori ya taka ni da ƙafa sai da na suma. Aka ɗora ni a jaki zuwa bakin hanya, na shiga mota har asibitin Maraɗi. Lokotoro, wato likita, ya yi mini allura, ya ce in kwanta a kan abu mai tauri, in rabu da hauya kwata-kwata. Manomi ya rabu da hauya, ya ci me? Gandunmu rabi ya koma saura, Baba da furfurarsa shi ke duƙe a gona, kuma duk sanda ya ji nishina sai ya ce, "Allah ya isa tsakanina da Illa."

Watan jiya wani falke ya kawo mini kwalbar man shafawa daga Katsina. Ya ce, "In ji ƙanenka. Ya ce in tambaye ka ko ka samu sauƙi, kuma wai ya yi ta tunani, watakila hannunsa ne ya zame bai sani ba, ka yafe masa." Jama'a, shi ne ke neman gafarata! Na kasa ko buɗe kwalbar.

Yanzu Baba ba ya da lafiya, abinci ma sai an lallaɓa. In na faɗa, ina tsoron baƙin ciki ya ƙarasa shi, ko ya juyo da bakin nan kaina, ni da ko guga ba na iya ja. In na yi shiru, zai tafi yana fushi da wanda bai yi komai ba. Ko ciwon nan alhaki ne da babu maganin da zai taɓa shi?

Don girman Allah, me zan yi?