Fai Biyu, Uwa Ɗaya

Tullis, Georgia
12 ga Oktoba, 1987

Zuwa ga jikata Renita mai sabon gida,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, ke da dogon mijin nan naki Clifton, wanda har yau ban ga inda abincin da yake ci ke tafiya ba. Ni lafiya lau, sai gwiwa, ita ma ta san ba ta isa ta kwantar da ni ba.

Wasiƙarki ta zo. Na karanta ta sau biyu da tabarau, sau ɗaya babu, ko za ta canza. Ba ta canza ba. Wai bana a gidanki na Atlanta za a ci abincin bikin Ranar Godiya na ƙarshen Nuwamba, kuma ba ki da buri sai ki ga ni da ƙanwata Vernell a tebur ɗaya. Shekara goma sha huɗu ba mu ce wa juna ci kanki ba, ke kuma za ki gyara da talotalo guda. To, sannu da ƙarfin hali.

Amma ba wannan ne ya sa na ajiye kofin shayina ba. Kin ce in aiko miki da yadda ake yin fai na pikan, gasasshen kayan zaƙin nan mai ƙwayar bishiyar gidanmu, irin na uwata Mama Hessie, ki gasa da kanki, "don kada a yi rigima." Ke 'yar nan, na mutu ne ba a gaya mini ba? A gidanmu kowane abinci da mai shi. Mai dankali ita ke kawo dankali har ranar da aka rufe ta. Ba a kawo abinci iri ɗaya kwano biyu, kuma ƙarama ba ta karɓar na babba tana numfashi. Ke dai naki shi ne ƙanƙara da kujeru.

Tun da kin manta, bari in tuna miki. Ranar jana'izar Mama Hessie na shiga zauren coci da fai ɗina, sai na tarar da wani a tsakiyar tebur, Vernell na tsaye kusa da shi da farar safar hannu. Matan coci suka zuba ido, kowa na jiran ya ga wanne zai fara ƙarewa. Fasto ya yanki nan, ya yanki can, ya ce, "Kai, duk biyun sun tuna mini da Hessie." Da ya yi shiru da ya fi masa.

Ni Mama ta ba. Saura mako ɗaya aurena, a 1934, ta tsayar da ni a kicin: zumar rake baƙa kofi ɗaya, ƙwai uku, man shanu kamar girman ƙwai, ƙwayar pikan fasassa, a zuba cikin ɓawon fulawa a gasa. Sannan ta ja kunnena ta raɗa mini: "Wannan shi ne na gaskiya. Kada ki gaya wa 'yar'uwarki."

Kin kuma tambayi inda ya samo asali. Mama ta ce kakarta ta koya wurin wata tsohuwa 'yar ƙabilar Creek da ke tsince pikan a bakin rafi. Wata rana kuma ta ce wani Bafaranshe mai girki a jirgin ruwa ne ya koya mata. Babanmu ya ce ƙarya ce duka, alfadarinmu ne ya ture kwandon ƙwaya cikin tukunyar zuma, Mama ta ƙi zubarwa. Ki zaɓi wanda ya yi miki, ni na alfadarin na fi so.

Zan zo. Amma fai ɗaya za a gani a teburin nan, kuma kin san na wa.

Allah ya tsare mini ku.
Kakarki,
Ozella

*

Atlanta
21 ga Oktoba, 1987

Kakata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Clifton yana gaishe ki, ya ce a gaya miki ya ƙara ƙiba, ki zo ki gani da idonki.

Kaka, kaina ya ɗaure. Ranar da na rubuta miki na rubuta wa Kaka Vernell ma. Ga amsarta nan na sa miki a ciki, ki karanta kafin ki yi mini faɗa.

Kuma akwai abin da ya fi wannan. Da muna kwashe kaya zuwa sabon gida, na buɗe akwatin girkin Mama, wanda ban iya taɓawa ba tun rasuwarta. Na sami kati da rubutun hannunta, shi ma na sa miki shi a ciki. A sama ta rubuta: "Fai ɗin Kaka Hessie, ta koya mini 1961." Babu zuma a ciki ko kaɗan, Kaka. Farin sukari ne, da madarar gwangwani, da ƙwaya niƙaƙƙiya. A ƙasa kuma ta rubuta: "Ta ce shi ne na gaskiya, kada in gaya wa Mama da Anti Vernell."

Ranar Asabar na gasa duka ukun. Ki yi haƙuri, ba don tebur ba ne, gwaji ne kawai. Na sa Clifton ya ɗanɗana na ce, "Wanne ne na gaskiya?" Ya ce, "Ni fa na shigo dangin nan ne bara, kada ki sa a kore ni." Ya cinye rabi-rabi na kowanne ya tafi wankin mota.

Ni ba fai ne ya dame ni ba. Tun da Mama ta tafi, ku biyu kaɗai kuka rage mini a sama. Ina so in ga kun zauna a gidana ko sau ɗaya. Amma Kaka Vernell ma ta ce fai ɗaya, kuma nata. To ni yanzu yaya zan yi?

Jikarki mai ƙanƙara da kujeru,
Renita

*

Savannah
16 ga Oktoba, 1987

Zuwa ga Renita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki. Na gode da gayyata. Akwai kalmomi biyu da kika rubuta ba daidai ba, na ja musu layi na mayar miki. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, ba zan iya gani in ƙyale ba.

Game da fai: zumar masara fara ta kwalba kofi ɗaya, ƙwai uku, man shanu cokali biyu, gishiri kaɗan. Ƙwayar pikan ba a fasa ta. Ɓari-ɓari ake jera ta a sama, a kewaye, kamar furen da ya buɗe. Ɓawon kuwa da ruwa mai sanyi ake kwaɓa shi, hannu ba ya daɗewa a kai. Haka mahaifiyarmu ta koya mini a watan Yuni na 1942, kafin aurena. Ta ce mini a kunne shi ne na gaskiya, kuma ta hana ni faɗa wa yayata. Na riƙe wannan amana shekara arba'in da biyar. Yau na faɗa miki ne don kin tambaya a rubuce.

Idan kakarki ta ba ki labarin alfadari, kada ki maimaita shi a gaban mutane.

Zan halarta idan an tabbatar mini cewa ba za a sake abin da ya faru a zauren coci ba.

Taki,
Vernell Askew

*

Tullis
29 ga Oktoba, 1987

Renita, ja'ira,

Gaisuwa. Ki ce wa Clifton ya fi faston nan hankali.

Kwana uku ke nan ina yawo a gida kamar wadda ta ɓatar da mabuɗi. Jiya na sa gishiri a shayi. Na zauna da takardu ukun a kan tebur, ina duba wannan ina duba wancan. Da farko na ce Vernell ƙarya take yi. To amma Vernell ba ta iya ƙarya ba, shi ya sa ba ta da daɗin hira. Sai na ce to Mama ta rikice ne da tsufa. Amma a 1942 matar nan tana iya ɗaga buhun masara ita kaɗai. Uwarki Lottie kuwa, 'yar da na haifa, ta zauna shekara ashirin da wani abu tana cin fai ɗina tana cewa "Kai Mama, babu kamar naki," alhali da kati a akwatinta! Da tana nan da na ja mata kunne. Na yi kuka kaɗan, na kuma yi dariya, ban san wanne ya riga ba.

Ranar Talata na fita tsince a ƙarƙashin bishiyar pikan, bana ta zuba sosai, sai wani tunani ya zo mini. Shekarar aurena Baba yana da gonar rake a bayan gida, zuma kuwa har a gwangwanaye muke jera ta. Ƙwaya masu kyau duk kasuwa ake kai su, fasassun ne namu. Lokacin auren Vernell an shiga yaƙi, Baba ya sayar da alfadarin, rake ya ƙare, sukari sai da katin rabo na gwamnati. Abin da ke kanti shi ne zumar kwalba. A 1961 kuma Mama ba ta da haƙori ko ɗaya a baki. Me za ta yi da ƙwaya in ba niƙa ba?

Kin gane? Ni ma ban gama ganewa ba. Ko dai matar nan abin da ta tarar a kicin ranar shi take koyarwa, ko kuma tana sama yanzu tana riƙe da ciki don dariya. Ina jin duka biyun ne. Abin da na kasa kamawa shi ne raɗar. Wa ya aike ta?

Kada ki rubuta wa Vernell. Wannan ba aikin yara ba ne. Ki ci gaba da neman kujeru.

Kakarki wadda aka yaudara,
Ozella

*

Tullis
2 ga Nuwamba, 1987

Vernell,

Gaisuwa. Ni ce, Ozella, yayarki, in kin manta rubutuna. Kada ki ja mini layi a ƙarƙashin komai, na san akwai su da yawa.

Na sa miki katin Lottie a ciki, ki karanta ƙasansa. Sannan ki sani cewa abin da Mama ta raɗa miki a kunne, ta raɗa mini shi shekara takwas kafin ke, a kicin ɗin nan, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Kalma ɗaya ba ta canza ba. Mu uku ta yi wa. Wa ya sani ko har da matar mai kawo wasiƙa.

Ranar jana'iza na ɗauka kin zo ki ƙwace mini abin da aka ba ni. Ke ma ashe haka kika ɗauka. Mun tsaya kamar zakaru biyu da safar hannu, kowa na gadin sirrin da babu shi. Ban ce na yi laifi ba, ki lura. Na ce dai abin ya rikice.

Yarinyar nan ba ta da uwa, Vernell. Tana so ta ɗaga kai ta ga fuska biyu da suka yi kama da Lottie. Kuma doka tana nan yadda take, fai ɗaya ne zai hau tebur, ni ba zan zama wadda ta karya ta ba.

To ga wata magana, in kika faɗa wa matan coci sai na ce ƙarya kike. Shekara uku ke nan yatsuna ba sa iya murza fulawa. Ɓawon kanti nake saya, in juye shi a farantina, in ɗan mammatsa gefensa da cokali don ya yi kama da na hannu. Har Sista Pearlie ta cocinmu ta ce wai ɓawona ya ƙara kyau da tsufa. Na so ƙasa ta buɗe.

Ke kuwa na ji shekara goma sha huɗu ƙwayar leda kike saya, alhali bishiyar ubanki na nan tana zubar da ita a kan rufina, har na rasa inda zan sa ƙafa. Rabinta naki ne, ba ni na dasa ba.

Ki zo ranar Litinin kafin Ranar Godiya. Ki yi ɓawo, in yi ciki. Clifton zai ɗauke mu ranar Laraba. Zancen wace zuma za a sa, ban sani ba, wallahi ban sani ba. Mu yi faɗan a nan gida mu gama, kada mu kai wa yarinya.

Gadonki na nan, na ɗora kaya a kai amma zan kwashe.

Yayarki, ko kin so ko kin ƙi,
Ozella

*

Savannah
9 ga Nuwamba, 1987

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta katin.

Ke ce babba, ke ce mai ba Mama dariya, ke kika gaji gidan. Abu ɗaya tak na ɗauka ta ware ta ba ni ni kaɗai. Kin karɓe shi da wasiƙa ɗaya. Ban gama jin haushi ba, kuma ban san wa zan ji wa ba.

Motar Litinin tana isowa ƙarfe biyu da kwata. Zan zo da muciyar murjina. Kada ki taɓa fulawa kafin in iso.

Ƙanwarki,
Vernell