Ba Wanda Ya Ce Mana Akwatin Yana Zufa

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya kafa mana akwatin intanet a zauren ƙungiyar manoma ta Fassi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ranka ya daɗe, ƙorafi na kawo, amma bari na fara da yabo.

Na farko. Ranar da injiniyanku ya buɗe akwatin, ya nuna mana wani ɗan ƙarfe da bai fi farcen babban yatsa ba. Ya ce ƙwaƙwalwa takwas ne a ciki, kowacce da nata aikin, kuma irinsa ne a sabuwar kwamfutar da ke kan tebur. Na yi gayya tun ina saurayi, na san kafin mutum takwas su jeru a kunya ɗaya sai an yi kiɗa, an yi fura, an yi faɗa. Waɗannan kuwa ba makaɗi, ba gardama. Ko a tatsuniyar kakata ban ji aljanin da ya iya haka ba. Ta cikin akwatin nan maiɗakina, Hajiya Rabi, take ganin likitanta na Kano ido da ido, ta huta da hawa mota da ciwon gwiwa.

Na biyu. A wajenmu abu mai daraja ba a barinsa tsirara. Ƙwarya a rufe ta da faifai, keken ɗinki a lulluɓe shi. Don godiya Hajiya ta yanki leshin da take ji da shi, ta ɗinka wa akwatin riga har da shafi na auduga. Duk ƙungiya ta yaba. Kafin damina ta faɗi akwatin ya ɗau zafi ya mutu.

Na uku. Da muka kira ofishinku aka ce garanti ya ɓaci, wai an rubuta kada a rufe. An rubuta, da Turanci, a gindin akwatin, wajen da ke kallon bango. Injiniyanku ya sha shayi da mu, ya lissafa mana ƙwaƙwalen nan ɗaya bayan ɗaya, bai ce suna zufa ba. Wa zai rufa wa 'yan gayya bargo da gangan?

Yanzu ranar da Hajiya za ta ga likitanta ta wuce, maganinta ya kusa ƙarewa. Ta daina zuwa suna da biki, don mata na ce mata mai kashe intanet.

Roƙona, ranka ya daɗe, a turo a gyara. A manna gargaɗin da Hausa da ajami a goshin kowane akwati. Wanda zai zo kuma ya tsaya a zaure ya faɗa da bakinsa cewa ba a gaya wa Hajiya kada a rufe ba. Ni na faɗa, amma an ce ai mijinta ne.

Allah ya ƙara wa masu ƙera abin nan basira, ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalam.

Malam Isiyaku Fassi